Duba dama kafin ka taka: Yadda titunan tsibirin Saifurus ke rikita baƙo

Ina gaishe ku daga tsibirin Saifurus, inda nake aji biyu a jami'a. Na san da za a tambaye ku abin da ya fi wahalar da ɗalibin da ya fita karatu ƙasar waje, da yawanku za su ce abinci ne, ko sanyi, ko yare, ko kewar gida. Duk gaskiya ne. Amma akwai wani abu da ba kasafai ake ja wa mutum kunne a kansa ba kafin ya bar gida, alhali shi ne yake fara cin karo da shi tun bai ajiye jakarsa ba, wato titi. Abinci in bai yi maka ba, ka haƙura da shayi da burodi har ka saba. Titi kuwa ba ya jiran mutum ya saba, kuskure ɗaya ya isa. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin titunan wannan tsibiri, da yadda muke fama kafin mu gane kansu.

Ina ne Saifurus?

Tsibirin yana gabashin tekun Bahar Rum, kimanin kilomita 70 kudu da Turkiyya. Larabawa na kiransa Ƙubrus, Turkawa kuma Kibris. Shi ne na uku a girma a cikin tekun, bayan Sisili da Sadiniya, amma duk faɗinsa murabba'in kilomita 9,251 ne, wato bai kai rabin Jihar Kano ba. Daular Usmaniyya ta riƙe shi daga 1571 zuwa 1878, sannan Birtaniya ta karɓa, har ya samu 'yancin kai a 1960, shekarar da mu ma muka samu namu.

A 1974 aka yi juyin mulki da goyon bayan sojojin Girka, Turkiyya ta sauke nata sojojin a arewa, tsibirin ya rabu gida biyu. Kudu na hannun Girkawan Saifurus, kuma sun shiga Tarayyar Turai a 2004. Arewa na hannun Turkawan Saifurus, waɗanda suka ayyana ƙasarsu a 1983, sai dai Turkiyya kaɗai ta amince da ita. A arewacin ne akasarin ɗalibai 'yan Najeriya suke, ni ma a nan nake, a babban birni.

Wani abin da ya kamata ku sani shi ne babu jirgin ƙasa a tsibirin. An taɓa yin sa zamanin Turawa, daga 1905, aka rufe shi a 1951. Saboda haka duk mai motsi a kan taya yake motsi, kuma ɗan ƙaramin wurin ya cika maƙil da motoci.

Wuya bai san an canja ƙasa ba

Duk jirgin saman da zai sauka a filin jirgi na Erjan, a arewacin tsibirin, sai ya biyo ta Turkiyya. A Santambul tuƙi irin na gida ne, kowa a hannun dama. Bayan tafiyar kamar awa ɗaya da rabi sai ka sauka inda komai ya juye, domin a Saifurus, kudu da arewa, a hannun hagu ake tuƙi. Gadon Ingila ne da ba su yar ba. A duk Turai ƙasashe huɗu ne ke yin haka, Birtaniya da Ailan da Malta da Saifurus, kuma dukkansu a kan tsibirai suke.

Wasan yakan fara tun daga bakin filin jirgi. Tsofaffin ɗalibai in sun je tarbar sabo, sukan yi shiru su zuba ido. Sai ka ga sabon ya nufi ƙofar gaba ta dama da niyyar zama kusa da direba, ya buɗe ya tarar da sitiyari yana kallonsa. Direbobin sun saba, wani har makulli yake miƙo masa yana dariya. Wannan abin dariya ne, ba ya cutar da kowa.

Wanda ba na dariya ba shi ne tsallaka titi. Ku tuna yadda aka koya muku tun kuna firamare: duba hagu, duba dama, sake duba hagu. An koya muku haka ne domin a Najeriya motar da ta fi kusa da ku ta hagu take fitowa. A nan kuwa ta dama take fitowa. Kai ka san haka, ka karanta, an faɗa maka, za ka iya cin jarrabawa a kai. Amma wuyanka ya shekara goma sha takwas yana juyawa hagu, kuma ba ya neman izininka kafin ya juya. Ka duba hagu ka ga wayam, ka jefa ƙafa, ashe motar na bayan ƙeyarka.

Na ga haka da idona a makonmu na biyu. Mun fito daga kanti da wani abokina ɗan Katsina, yana ba ni labari, ya waiga hagu ya sa ƙafa a kan kwalta. Wata dattijuwa da ke tsaye kusa da mu ta fizgo rigarsa ta baya, motar ta wuce har iskarta ta kaɗa ledar hannunsa. Ba ta jin Turanci, mu kuma ba mu fara jin Turkanci ba. Sai ta nuna idonta da yatsa, ta nuna dama, ta ce “dikkat”, wato a yi hattara. Kalmar Turkanci ta farko da ta zauna mana daram ke nan.

Haka abin yake a wurin jiran bas. Ƙofar bas tana gefen hagu, kuma bas ɗin da zai kai ka inda ka nufa a ɗaya tsallaken yake tsayawa, ba inda jikinka ya ba ka ba. Kusan kowace safiya a farkon zango za ka ga sabbin ɗalibai sun yi cirko-cirko a gefen da ba shi ba, suna kallon motar makaranta tana wucewa.

Darasin da na samu wurin kakana

Da na kira gida na ba kakana labari, dariya ya yi har da tari. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kano da Legas. Ya ce, “Takwara, ai mu mun riga ku shan wannan. Kai ka je ka tarar da hagu, mu kuwa hagu muka kwana a kai muka wayi gari a dama.”

Gaskiyarsa. Najeriya ma a hannun hagu take tuƙi a da, sai ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka koma dama. Dalili kuwa shi ne maƙwabtanmu, Nijar da Cadi da Kamaru da Benin, duk a dama suke, kuma motocinmu da nasu kullum suna ƙetare iyaka. Saliyo ta riga mu a 1971, Gana ta biyo baya a 1974. Saifurus kuwa ruwa ne ya kewaye ta, babu maƙwabcin da motarsa za ta shigo ta ƙasa, don haka babu abin da ya matsa mata ta canja.

Na tambaye shi, “Kaka, to ranar farko ba a yi ta karo ba?” Ya ce ranar farko ai kowa a tsorace yake, kowa na tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya ce hatsarin yana zuwa ne bayan an kwana biyu, lokacin da mutum ya ga kamar ya iya. Musamman da asuba, ka tsaya ka yi sallah ka sha shayi, ka hau mota, titi fayau babu wata motar da za ka kwaikwaya, sai hannunka ya mayar da kai tsohon gefe ba ka sani ba. Ya ce shi jan ƙyalle ya ɗaura a hannunsa na dama har wata biyu.

Abin da ya faɗa haka na tarar da shi a nan. Sabon ɗalibi a makon farko yana da taka-tsantsan. Wanda ya yi wata biyu ko uku, ya fara sakin jiki, yana tsallakawa da waya a kunne, shi ne abin ji wa tsoro. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sabo turken wawa.

A cikin mota da kan shataletale

Waɗanda suka iya mota tun daga gida su ma sai sun koma 'yan koyo. Kuloci da birki da totur suna nan a jere yadda aka san su, amma giya ta koma hannun hagu, madubin tsakiya ma haka. Yawancin motocin tsibirin na hannu ne da ake shigowa da su daga Japan da Ingila, kamar yadda namu ke zuwa daga Turai da Amurka. A motocin Japan sandar sigina tana dama, ta waifa tana hagu, akasin abin da muka saba. Don haka in ka ga mota ta doshi kwana, rana tsaka babu ko ɗigon ruwa, sai waifa ta kama share gilashi, to ka san baƙo ne a ciki.

Dabarar da ake koya wa sabon direba ita ce ya tabbata shi ne ke kusa da layin tsakiyar titi, fasinjansa kuma yana gefen bakin hanya. In ya ga kansa a bakin hanya, to ya hau hannun wasu. Sai dai dabarar ba ta yi wa kowa aiki, domin akwai motocin da aka shigo da su daga Turkiyya masu sitiyari a hagu, suna tafiya a hannun hagu. Direban irin wannan mota in zai wuce babbar mota ba ya ganin gabansa sai ya fito da rabin motar, ko ya dogara da idon wanda ke kusa da shi.

Sai shataletale, wanda mutanen nan ke kira chember, kuma suna da su da yawa. A gida in ka shiga kana karkata dama ne. A nan hagu za ka karkata, ka zagaya yadda hannun agogo ke juyawa, kuma wanda ya fito ta damarka shi ke da hanya. Mafi shahara shi ne na Gonyeli, a bakin babban birni, inda hanyoyin Girne da Guzelyurt da Magusa da ta cikin gari suka haɗu. Da safe da kuma lokacin tashi daga aiki, wurin yakan koma kamar bakin kasuwar Kwari ana gobe Sallah. Direbobi da yawa ba sa kunna sigina in za su fita, sai dai ka karanci inda tayar gaba ta karkata.

Abu guda da ya burge ni shi ne motocin da ake ba baƙi haya jar lamba ake sa musu. Duk ɗan gari in ya hango jar lamba ya san mai yiwuwa wanda ke ciki jiya ya sauka daga Jamus ko Rasha ko Turkiyya, inda ake bin dama, sai ya ja baya ya ba shi fili. Sun yarda da abin da mu ma muke faɗa, cewa baƙo ko da ido makaho ne.

Gari ɗaya, suna biyu

Ko ka gama da hagu da dama, akwai rikicin sunaye. Kusan kowane gari a arewacin tsibirin sunansa biyu, na Girkanci da na Turkanci. Babban birnin da duniya ta sani da Nikosiya, a allon titi Lefkosha za ka gani. Kireniya ita ce Girne, Famagusta ita ce Magusa, Morfu kuma Guzelyurt. Wani lokaci taswirar waya ta ba ka suna ɗaya, allon kan hanya ya ba ka wani, ka tsaya a tsakiyar garin da kake nema kana tambayar hanyarsa. Ta kan kuma zana maka gajeriyar hanya da za ta bi da kai ta shingen iyaka, ko ta sansanin soja. Wuraren sojan suna da yawa, an kafa musu jan allo mai hoton soja riƙe da bindiga, ba a shiga kuma ba a ɗaukar hoto.

Allunan hanya da Turkanci suke, amma mai jin Hausa da ɗan Larabcin Islamiyya yana da sa'a. “Dur” shi ne tsaya, “yabash” shi ne sannu, waɗannan sai an haddace. Amma “merkez” ai markazi ne, wato tsakiyar gari, kalmar masallaci kuma ana furta ta “jami”, kamar jami'i. In direba ya ce maka “tamam”, ka san magana ta zauna.

Tsohon birnin Lefkosha yana cikin ganuwa, wadda mutanen Benis suka fara ginawa a 1567, zagayayya mai ƙofofi uku. Duk Bakano in ya shiga sai ya tuna cikin Birni, domin lungunan a matse suke, an yi su ne don jaki da raƙumi, yau kuma mota ke kutsawa, akasari ta hannu ɗaya. Abin da ba ka taɓa gani a gida ba shi ne kana cikin tafiya sai titi ya ƙare a gabanka, an toshe shi da gangunan ƙarfe da buhunan yashi da waya mai ƙaya. Bayan shingen titin ya ci gaba, da gidaje da shaguna, amma ciyawa ta cinye shi. Wannan shi ne Koren Layi, yankin da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke tsaro, wanda ya ratsa tsibirin tsawon kimanin kilomita 180. Ya samo sunansa ne daga koren alƙalamin da wani hafsan sojan Birtaniya ya ja layi da shi a kan taswirar birnin a ƙarshen 1963.

An fara buɗe mashigai tsakanin ɓangarorin biyu a 2003, mai mota kuma sai ya sayi inshora ta daban kafin ya ƙetara. Amma mu masu fasfon Najeriya da muka shigo ta Erjan, hukumomin kudu ba su ɗauki shigowarmu a matsayin ta ƙa'ida ba, don haka ba ma ƙetarawa. Kusa da Larnaka, a kudu, akwai masallacin Hala Sultan, inda ake cewa nan ne kabarin sahabiya Ummu Haram bint Milhan. Tafiyar ba ta wuce kamar kilomita 50 daga inda nake ba, amma hanyar a rufe take gare mu.

In duk ka rikice, akwai alamar da ba ta ɓata. Arewa da birnin akwai jerin duwatsun Beshparmak, ma'ana yatsu biyar, kuma a jikinsu an zana wata ƙatuwar tuta da ake hangowa daga ko'ina, da dare ma ana kunna mata fitilu. In tutar na gabanka ka fuskanci arewa. Mutanen gari kuwa kwatancensu irin namu ne, ba ruwansu da sunan titi: ka wuce shataletale biyu, ka ga gidan mai, ka karya hagu. Matambayi ba ya ɓata.

Yaren da ba a rubuta ba

Babu a-daidaita-sahu a nan, babu ɗan acaɓa. Ɗalibi ya dogara ne da bas ɗin makaranta, sai ƙananan motocin haya da ake kira dolmush, ma'ana ta cika. Kamar namu, ana tsayar da su da hannu a ko'ina. In za ka sauka sai ka ce “inejek bar”, wato akwai mai sauka, daidai yadda fasinja a Kano ke cewa “akwai”. Matsalarsu ita ce da wuri suke tashi daga aiki, da yamma ta yi sai su yi wuya, ranar Lahadi kuma sai an dace. Tasi akwai, amma kuɗinta na iya cinye abincin kwana biyu na ɗalibi.

Ga wani abu da ya sha haɗa faɗa. Ka tambayi direba ko zai bi ta wuri kaza, sai ya ɗaga haɓa sama, ya ɗage gira, ya yi ɗan tsaki. A wurin Bahaushe tsaki ai raini ne, yaro ya yi wa babba sai an ji kansu. A nan kuwa ma'anarsa “a'a” kawai, ba da wata manufa ba, har ɗalibi yana yi wa malaminsa. Wata 'yar ajinmu 'yar Sakkwato ta yini tana fushi da wani direba, sai da wata 'yar gari ta yi mata bayani suka yi ta dariya.

Hon ma ma'anarsa daban. A gida hon gaisuwa ce, sanarwa ce, neman fasinja ne. A nan ba a cika danna shi ba, in ka ji an danna maka da ƙarfi to ran wani ya ɓaci. Walƙa fitila kuwa ta fi komai ruɗani. Wanda ya koyi tuƙi irin na Ingila in ya walƙa maka fitila yana nufin ka wuce. Wanda ya koya a Turkiyya yana nufin kada ka motsa, ga shi nan tafe. Duka biyun suna kan titi ɗaya. Don haka tsofaffin ɗalibai ke cewa kada ka yarda da fitila, ka jira sai ka ga motar ta tsaya cak kuma kun haɗa ido da direban.

Ƙa'idar gudu kilomita 50 ce a cikin gari, 100 a babbar hanya, kuma an kafa kyamarori masu ɗaukar mai wuce ƙa'ida, a ci shi tara a kuma rubuta masa maki a lasisi. 'Yan gari sun haddace inda kowace take. Sai ka ga mota ta taho a guje, ta taka birki dab da kyamara, tana wucewa ta sake cin taya. Wanda ke bin ta a baya bai san da kyamarar ba shi ke shan wahala. A ƙauyuka kuma mutum biyu na iya tsayar da motocinsu a tsakiyar titi su gaisa ta taga, na baya su jira ba tare da ƙorafi ba. Wannan kam bai zame mana baƙo ba.

Hanyar kan dutse

Daga Lefkosha zuwa Girne kamar kilomita 25 ne, amma sai an haura duwatsun Beshparmak an gangara. In ka kai ƙololuwa teku yakan bayyana a gabanka shuɗi shar, ga tsohuwar fadar Hilariyon a kan tsauni ta hagu. Kyan wurin kansa yana ɗauke hankalin direba. Sannan damina a nan da sanyi take zuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Ruwan farko in ya sauka a kan ƙura da man da suka taru tsawon bazara, kwalta takan yi santsi kamar an zuba kuɓewa.

Akwai wata hanyar dutsen ta biyu, tsakanin Girne da Degirmenlik, mai yawan kwana, wadda manyan motocin ɗibar dutse ke bi. A ƙarshen Nuwambar 2016 wata babbar mota ta yi karo da ƙaramar bas ɗin 'yan makaranta a kanta da sassafe, ɗalibai mata biyu da direban suka rasu. A shekarar arewacin tsibirin ya bi Turkiyya wajen ƙin mayar da agogo baya a lokacin sanyi, har ya zama birni ɗaya yana da agogo biyu, kuma yara na fita makaranta gari bai waye ba. Ɗaliban sakandare, sa'o'inku, su ne suka fito kan titi tare da iyaye da malamai suna neman gyara. A 2017 aka koma canja agogo kamar da. Har yau in ana maganar titi da 'yan gari sai sun ambaci wannan rana.

Mu ma baƙi ba mu tsira ba. Hanyoyi da yawa a wajen gari ba su da fitila, ba su da gefen masu tafiya a ƙasa. Ɗalibai kuma sukan dawo a ƙafa da dare, wasu na aikin kai abinci a kan babur. An rasa ɗalibai 'yan Afirka a kan waɗannan tituna, kuma babu abin da ya kai kiran iyaye a faɗa musu irin wannan labari ciwo.

Inda jaki ke da hanya

Kada in bar ku da ɓacin rai. A can ƙuryar gabas akwai yankin Karpaz, wani siririn hannu da ya miƙe cikin teku. Muka je da 'yan ajinmu a hutun zango. Tun ana kan faffaɗan titi har ya tsuke ya koma na mota ɗaya, garken tumaki na tsallakawa a natse. Can kusa da ƙarshe sai jakuna suka tare hanya. Jikokin waɗanda manoma suka bari ne bayan yaƙin 1974 da zuwan tarakta, suka koma na daji. Sun gane cewa mota na nufin abinci, sai su tsaya a tsakiyar titi su zuro kai ta taga, ba sa matsawa sai an ba su karas. Wani ɗan Haɗeja da ke cikinmu ya ce shi dai bai taɓa ganin shingen karɓar haraji mai ladabi irin wannan ba.

Ga mai shirin tafiya, da mai zama gida

Wataƙila wasunku za su zo nan karatu, ko su je Maleshiya ko Indiya ko Uganda, inda duk a hagu ake tuƙi. Shawarata ita ce ku ba kanku lokaci. Kafin ku taka kwalta ku tsaya cak, ku dubi ɓangarorin biyu sau biyu, ko da titin mai hannu ɗaya ne. Ku cire abin sauraro daga kunne. In babu gefen masu ƙafa, ku bi ɓangaren da za ku fuskanci motoci masu tahowa, da dare kuma ku sa tufafi masu haske. Kada ku yi gaggawar karɓar makullin motar aboki don a ce kun waye, ku fara zama a gefe kuna kallo na wasu makonni. Ku haddace lambar motar asibiti, wadda a nan 112 ce, da ta 'yan sanda, 155. In ɗan gari ya yi abin da ya yi muku kama da raini, ku tambaya kafin ku yi fushi.

Waɗanda ba za su je ko'ina ba su ma abin ya shafe su. Yawancin abin da muke yi a kan titi jiki ne ke yi ba tare da tunani ba, kuma abin da kuka saba wa jikinku yanzu, a hanyar makaranta, shi zai bi ku har girma. Ku saba masa tsayawa da dubawa.

Wani abin mamaki da waɗanda suka riga mu zuwa ke faɗa shi ne in mutum ya shekara a nan ya koma gida hutu, sai wuyan nasa ya fara juyawa dama a titin Zariya ko na Ahmadu Bello, dole ya sake koyon abin da ya iya tun yana yaro. Don haka in yayanku ya dawo hutu daga irin waɗannan ƙasashe, ku riƙe masa hannu a bakin titi na kwana biyu, kada ku ji kunya.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya ba ku sa'ar jarrabawa.